Wa Ya Kashe Sensar Baffa Hamma?

"Ba za a yi miki dole ba, Siddiƙa, amma mu ma ba za ki yi mana dole ba. Ni ba na ba maha'inci 'yar ƙanena."

Haka Baffa Hamma ya faɗa, ya miƙe yana karkaɗe babbar rigarsa. Ni kuwa ina durƙushe a tsakar gida, hawaye sun hana ni ganin tabarmar da ke gabana.

Baffa Hamma yayan mahaifina ne, dillalin shanu, kuma a gidanmu shi ke ba da aure. Wata uku da suka wuce, da bakinsa ya ce Misbahu, mai neman aurena, yaron kirki ne. Yau kuma da bakin nan dai ya kira shi maha'inci. Duk a kan me? A kan wani ɗan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba.

"Baffa, wallahi Misbahu ba ya ha'inci," na ce.

"To ni nake yi ke nan?"

"A'a, Baffa."

"Jibi Alhamis zan kawo motar ƙofar gidan nan, ya zo ya buɗe ta a gaban ubanki. In jabu ya sa mini, ranar Juma'a mutanen Mahdi za su ji amsar da suke jira. Ke kuma in kin ƙi Mahdi, sai ki zauna. Amma Misbahu dai a'a."

Na kalli Baba ko zai sa baki. Yana zaune a gefe yana goge hannunsa da tsumma, ga hannun kuwa ba komai a jikinsa.

Mahaifina, Malam Lado, shekara arba'in yana gyaran mota a ƙofar gidanmu, nan Daura, bakin hanyar Mai'adua. Da kunne yake aiki. Sai ya dafa sukudireba a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar, ya gaya maka ciwon motarka kafin ka gama gaisuwa. Sai zamani ya kawo motoci masu ƙwaƙwalwa, ya kuma kawo Misbahu, wanda ya buɗe shago kusa da tasha da wata 'yar na'ura da ake jona wa mota ta faɗi abin da ke damunta. Masu motoci suka fara wuce garejinmu suna ɗaga wa Baba hannu daga nesa.

A duk samarin garin nan, sai zuciyata ta rasa wanda za ta so sai wannan. Ni ma na san ban kyauta ba, amma ba ni na aike ta ba.

Baba bai taɓa cewa ba ya son Misbahu ba. In ya gaishe shi yana amsawa, sai dai idonsa na kan sifanar da ke hannunsa.

Ana haka motar Baffa ta fara shan mai kamar an huda tanki, tana fitar da baƙin hayaƙi. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, Baffa ya sa baƙin salatef ya liƙe ta, wai tana ɗauke masa hankali. Baba ya canza filogi, ya wanke abin da zai wanke, motar ta ƙi ji. Baffa ya lallaɓa ya kai wa Misbahu, Misbahu ya canza wani ɗan ƙarfe da ake kira sensa, mota ta miƙe garau.

Sati uku Baffa yana sa masa albarka. A na huɗu, ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, motar ta shaƙe a hanya ta mutu. Kuma wa Allah ya kawo? Mahdi, ɗan abokin Baffa na Kongolam, wanda ya shekara yana aiko mini turaren da nake ba Inna. Da igiya ya ja motar Baffa har cikin kara, kasuwar shanu, dillalai suna ta yi masa jaje suna danne dariya. Tun a hanya Mahdi ya gaya masa cewa yaran nan na yanzu jabu suke sa wa mutane.

* * *

Washegari da na taso daga makarantar da nake koyarwa, na tarar da Misbahu a gindin darbejiyar bakin hanya, ya jingine babur ɗinsa. Ya rame a kwana uku, har na ji haushin tausayin da ya ba ni.

"Gaya mini gaskiya," na ce, ko gaisuwa ban tsaya yi ba. "Jabu ka sa?"

"Ke ma, Siddiƙa?"

"Ni ma! Jibi za a ba wani ni, kana tsaye kana tambayata ni ma?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙarfe mai jelar waya, ya miƙo mini.

"Wannan ita ce tsohuwar da na cire. A wuyan salansa take zama, aikinta shinshina hayaƙi. Ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko iska ce ta yi yawa. In hancinta ya toshe sai ta riƙa kai labarin ƙarya, mota ta yi ta zuba mai. Dubi bakinta."

Na duba. Fari ne fat, kamar an tsoma shi a garin alli.

"Wadda ta mutu don tsufa ba haka take yi ba. Wannan kashe ta aka yi. Ni ne ban duba ba ranar da na cire ta. Na'ura ta ce sensa, na canza sensa, ina ta jin kaina. Sai da Baffa ya kira ni yana faɗa na ɗauko ta na kalla."

"Wa ya kashe ta?"

Ya kawar da kai.

"Misbahu, wa ya kashe ta?"

"Murfin injin Baffa yana yoyon baƙin mai," ya ce a hankali. "Aka liƙe shi da gam, irin mai warin tsamin nan. In inji ya yi zafi, tururinsa yana shiga ciki ya ƙone tare da mai, ya fito ya rufe bakin sensa. Ko sabuwa goma aka sa, haka za su mutu."

Na san warin nan. Da shi na tashi, a hannun Baba, a rigarsa, har a bakin kofinsa.

"Baba ne," na ce.

"Bai yi kuskure a iliminsa ba. Motocin da ya saba da su ba su da sensa, gam ba ya yi musu komai."

Wani farin ciki mara kunya ya taso mini, na share hawaye da gefen mayafi.

"To ai shi ke nan! Gobe sai ka faɗa, kowa ya ji ba jabu ka sa ba."

"Ba zan faɗa ba."

Na tsaya ina kallonsa, na ɗauka kunnena ne.

"Me ka ce?"

"A ƙofar garejinsa, Siddiƙa? A gaban yayansa, da Mahdi, da duk mai wucewa? In ce mutumin da ya shekara arba'in yana aikin nan shi ya lalata motar yayansa? Masu zuwa wurinsa yanzu nawa suka rage? Kafin la'asar labarin ya kai tasha."

"To ni fa?" Kuka ya ƙwace mini, ban damu da masu babur da ke waiwaye ba. "Ni nawa na rage maka? Kana tausayin Baba, shi da ko kallonka ba ya yi, ni da nake kwana ina tashi da kai a raina ba ka tausayina?"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ka fi son a kira ka maha'inci?"

"Ba na so. Wallahi tun ranar Lahadi abinci ba ya wuce mini." Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Amma ki duba. In na kunyata shi na same ki, kullum na zo gaishe shi abin da zai tuna ke nan. Ke kuma wata rana za ki kalle ni ki ce wannan ne ya zubar da mutuncin ubana a bakin titi. Ina son ki fiye da yadda zan yarda ki yi mini wannan kallon."

"To ni zan faɗa."

"In kin faɗa kin fi ni yi masa ciwo."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa.

"To me za ka yi?"

"Zan gyara motar. Ba zan yi ƙarya ba, ba kuma zan kama suna ba. Sauran na Allah ne."

Na miƙa masa ƙarfensa na juya. Har na sha kwana ban waiwaya ba, amma kunnena na baya, kuma ban ji ya tayar da babur ɗin ba.

* * *

Ranar Alhamis ban je makaranta ba. Na laɓe a zaure, inda ƙofa ke da 'yar tsaga, Inna na ta harara ta tana wucewa, ita ma kuma da biyu take wucewar.

Da hantsi aka jawo motar. Baffa ya zauna a benci, Mahdi a gefensa cikin shadda mai maiƙo, ƙamshinsa har zaure. Maƙwabta uku suka matso, wai inuwa suke sha. Baba yana tsaye a bakin ramin gyaran mota, hannunsa a baya.

Misbahu ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɓare salatef ɗin da ke kan fitila, ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari. Da ƙyar motar ta tashi tana karkarwa.

"Me ta ce?" in ji Baffa.

"Ta ce sensa ba ta amsawa, Baffa."

"Ka ji ko!" Mahdi ya tafa hannu. "Sabuwa fa, wai. Sati uku. Alhaji, ai ko takalmin roba ya fi haka daɗewa."

Maƙwabta suka yi dariya. Na ciji mayafina.

Misbahu ya kashe motar. Ya jira salansa ta huce, ya shiga rami ya kwance sensar, ya fito da ita. Ko daga zaure na hango farin bakinta.

"To malam," in ji Baffa, "jabu ce ko ba jabu ba ce?"

"Ba jabu ba ce, Baffa. Lafiyarta ƙalau na sa ta."

"To me ya kashe ta?"

Faɗa mana, na ce a raina, faɗa, Allah ya shirye ka!

"Akwai abin da ke shiga hayaƙin," ya ce. "Laifina shi ne ban bincika ba tun farko. Yau zan raba ta da shi."

"Mene ne abin?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba shi da amsa, Alhaji," in ji Mahdi. "Kame-kame ne kawai."

"Yaro, da kai nake," Baffa ya ɗaga murya. "Ka san abin da ke kan maganar nan ko?"

"Na sani, Baffa."

"Kuma ka yi shiru?"

"A yi mini haƙuri in yi aikin."

Na zame na zauna a ƙasan zaure, na toshe bakina kada su ji kukana. A raina na gama sallama shi, har na fara tsara baƙar maganar da zan aika masa.

Sai na ji muryar Misbahu ya ce, "Baba, ina neman alfarma. Zan buɗe murfin inji in sa sabon gaskit mai hana yoyo, mu canza baƙin mai. Hannuna bai kai naka iya zaunar da murfi ba. In ka taimaka mini, ba zai sake yoyo ba."

Na koma bakin tsaga da sauri.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Wannan ne karo na farko da na ga ya kalle shi ido cikin ido. Sannan ya naɗe hannun riga ya ɗauki sifana.

Suka sunkuya tare a kan injin. Da murfin ya ɗago, ga gam nan ya tumbatsa ta ciki, ya yi kauri a gefe-gefe. Misbahu ya ɗauki reza ya fara kankarewa, a tsanake, ba ya barin ko ɗigo. In ya tara sai ya dunƙule a tafin hannu ya zura a aljihu, maimakon ya yar a ƙasa.

Baba ya ga haka. Na ga hannunsa ya tsaya.

Ya miƙa hannu ya ɗauki matacciyar sensar daga kan bonet, ya murza bakinta da babban yatsa, ya kalli farin garin da ya maƙale masa. Ya kalli aljihun Misbahu. Bakanike ne na shekara arba'in, ba ya buƙatar a haɗa masa biyu da biyu.

Motar tana dab da zaure, shi ya sa na ji abin da sauran ba su ji ba.

"Gam ɗin ne?" Baba ya tambaya, ƙasa-ƙasa.

Misbahu ya ci gaba da kankara.

"Da kai nake, yaro. Shi ne?"

"Motocin da ba ya yi musu komai, Baba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Lahadi."

Baba ya miƙa hannu. Ya karɓi rezar ya ƙarasa kankarewar da kansa. Ya shimfiɗa sabon gaskit, ya zaunar da murfi, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe. Suka zubar da tsohon baƙin mai suka zuba sabo, suka wanke filogi. Misbahu ya fito da sabuwar sensa daga kwalinta, ya miƙa wa Baffa ya jujjuya, shi da bai san gabanta da bayanta ba, sannan ya shiga rami ya ɗaura.

Aka tayar da mota. Ta yi tari biyu ta daidaita. Da inji ya ɗauki zafi, Misbahu ya share tsohon laifin daga ƙwaƙwalwarta, fitilar nan ta mutu. Ya juyo da fuskar na'urar wajen Baba.

"Ka ga layin nan, Baba? Ɗazu a kwance yake, ba ya motsi. Yanzu ga shi yana hawa yana sauka. Sensar ce ke magana, mota kuma tana jin ta."

Baba ya ƙura wa layin ido. Sannan ya dafa sukudirebarsa a jikin injin, ya kara kunne, ya lumshe ido.

"Gaskiya ta faɗa," ya ce.

"Ai wancan karon ma haka ta yi daɗi," in ji Mahdi. "Mu ga sati uku tukuna. Alhaji, har yanzu fa bai faɗi abin da ya kashe waccan ba."

"Haka ne," in ji Baffa. "Lado, kai me ka gani? Jabu ce ko?"

Kalma ɗaya Baba zai faɗa. Ko shiru ma ya yi, ya ishe shi, don ya riga ya ga Misbahu ba zai buɗe baki ba. Ina son mahaifina, amma a wannan daƙiƙar ban san wanda zai zaɓa ba, ni ko sunansa, kuma tsoron hakan ya fi komai yi mini ciwo.

Baba ya zo gaban Misbahu ya buɗe tafin hannu.

"Ba ni abin da ke aljihunka."

"Baba..."

"Ba ni."

Ya karɓi dunƙulen gam ɗin, ya je ya ajiye a benci tsakanin Baffa da Mahdi.

"Yaya, ga abin da ya kashe maka sensa, har guda biyu. Ni na liƙa shi da hannuna. Yaron nan ya sani tun ranar Lahadi, kuka zage shi a gabana ya haɗiye, don kada a ce Lado ya tsufa." Ya ɗago kai. "To Lado ya tsufa. Amma bai tsufa da faɗin gaskiya ba."

Maƙwabtan nan masu shan inuwa suka rasa inda za su sa idonsu.

Baffa ya cire hula ya shafa kai ya mayar. "Ikon Allah," ya ce. "Misbahu, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ba komai, Baffa, wallahi."

Mahdi, in faɗi gaskiyarsa, ya miƙe ya ba Misbahu hannu. Sannan ya tuna ana jiransa a Kongolam.

Maganar Juma'a kuwa ba wanda ya tayar. Baffa ya shiga motarsa yana taka ta yana saurare, Baba ya koma wanke hannu da kananzir, ni kuma ina zaure ban san ko an ba ni ko an hana ni ba.

Inna ta dafa kafaɗata. "Tashi ki kai musu abinci, kin zauna kina jiƙa mini zaure."

Na wanke fuska, na ɗauki babban tire na shinkafa da wake, na fita kaina a ƙasa. Na ajiye a kan tabarma. Baffa ya fito ya zauna, Baba ya zauna, Baffa ya yafito Misbahu.

"Matso mana, ai kai ka yi aikin."

Misbahu ya wanke hannu ya matso. Har ya yi bisimilla ya miƙa hannu, Baba ya tare tiren da bayan hannunsa.

"Dakata."

Misbahu ya janye hannu, fuskarsa ta canza.

Baba ya juyo gare ni, ya haɗe rai sosai, amma gefen bakinsa na motsi.

"Siddiƙa, ke ba a koya miki komai ba ne a gidan nan? Je ki zuba masa nasa daban, ki kai masa zaure. Tun yaushe suruki yake sa hannu a kwano ɗaya da uban matarsa?"

Baffa ya ƙware da dariya har sai da aka ba shi ruwa. Misbahu ya miƙe a ruɗe, ya rasa takalminsa ƙafa ɗaya, ya nufi zaure haka nan.

Ni kuwa da gudu na shige gida, na faɗa jikin Inna ina kuka ina dariya, ta ture ni ta miƙo mini kwanon da ba a fito da shi sai an yi babban baƙo.